Diffa: Abin da masu neman gida ba sa leƙawa a ƙarƙashin sinki

Duk wanda ya taɓa bin dillali neman gidan haya a garin Diffa ya san yadda abin ke tafiya. Za a buɗe ƙofa, a ƙirga ɗakuna, a ɗaga kai a dubi silin ko yana yoyo, a danna makunnin wuta, a murɗa kan famfo. Idan ruwa ya zubo sai a yi hamdala, a koma maganar kuɗi. Da wuya a ga wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin sinkin kicin ko na wanke hannu da ke banɗaki.

Alhali a nan ne wani ɗan lanƙwasasshen bututu yake, wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba, kuma shi kaɗai ne shamaki tsakanin ɗakin da mutum zai kwana da ramin da ƙazantar gidan ke taruwa. Masu gyaran famfo a Nijar suna ce masa sifon, kalmar da suka aro daga Faransanci. Idan yana da lafiya ba mai tunawa da shi. Idan kuwa ya samu matsala, sabon ɗan haya zai kwashe watanni yana zargin maƙwabta, ko bolar bayan gida, ko mushen ɓera a silin, bayan kuɗin watanni da ya biya tun kafin ya tare sun riga sun shiga aljihun wani.

Daga rariya zuwa bututu

A tsohon tsarin gidan Diffa wannan magana ba ta ma taso ba. Ana wanke-wanke a tsakar gida, ruwan ya bi rariya ya fita, yashi ya shanye. Salga tana can ƙarshen gida a sarari, iska na kwashe warin. Babu wani abu da ya haɗa ramin da ɗakin kwana.

Shekarun rikici ne suka sauya fasalin garin. Bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, jama'a sun yi ta kwararowa daga bakin Komadugu da tsibiran tafkin Chadi, ga waɗanda suka tsallako daga Damasak da Malam Fatori a jihar Borno. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suka buɗe ofisoshi, ma'aikatansu na neman masauki. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ita ma ta kawo malamai da ɗalibai. Nan da nan gida mai tayil, mai banɗaki a cikin ɗaki da sinki a kicin, ya zama abin nema, masu hali suka shiga gini da gyaran tsofaffin gidaje cikin gaggawa.

Sai dai Diffa ba ta da babban layin ƙazanta na gari da ke haɗa gidaje. Kowane gida da nasa ramin: wani mai ɗakuna na siminti, wani kuma rami ne kawai da ruwa ke tsiyaya cikin ƙasa, wanda a Najeriya ake kira sokawe. Kamfanin ruwa na NDE, wanda ya gaji SEEN a farkon 2024, aikinsa kawo ruwa ne zuwa mita. Inda ruwan zai bi bayan an ɓata shi, wannan tsakanin mai gida ne da magininsa. Wato ramin da a da yake nesa a sarari, yanzu an jawo masa bututu har gefen gado.

Ɗan ruwan da ke tare hanya

Aikin sifon ba shi da wuyar ganewa. An lanƙwasa bututun ta yadda duk lokacin da aka zuba ruwa, na ƙarshe zai maƙale a gwiwar, ya cika ta. Wannan ɗan ruwan shi ne murfi. Ƙazamin ruwa zai iya tura shi ya wuce ƙasa, amma iska ba za ta iya ratsa shi ta dawo sama ba. A ƙa'idojin gini na Turai da Amurka, yawanci ana son zurfinsa ya kai aƙalla santimita 5.

Dabarar ta tsufa. Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotlan, Alexander Cumming, ne ya yi rajistar masai mai lanƙwasa irin ta harafin S a Landan a 1775, kuma har yau ba a samu abin da ya fi ta sauƙi ba.

Abin da ɗan ruwan ke tarewa ya wuce wari kawai. A cikin rami akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidurojin salfaid, wadda kaɗan daga cikinta ke sa ciwon kai da yajin ido, mai yawa kuma tana kisa. Akwai metan, mai kama wuta. Akwai kyankyasai, waɗanda bututun da ba ruwa ke zame musu titi zuwa kan kwanukan abinci. Akwai kuma sauro nau'in Kuleks, wanda ke hayayyafa a ƙazamin ruwa. Ba shi ne mai kawo zazzabin maleriya ba, wannan aikin Anofilis ne da ya fi son ruwa mai ɗan tsabta, amma ya isa ya hana mutum barci a tsakiyar rani, lokacin da babu ko ɗigon ruwa a waje, yana mamakin daga ina sauro yake fitowa.

Zafin bazara da gidan da aka kulle

Matsalar da ta fi yawa a gari irin Diffa ita ce mafi sauƙi: ruwan ya ƙafe. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, iskar hunturu kuma busasshiya ce tamkar an fito da ita daga tanda. Sinkin da ake amfani da shi kullum ba ruwansa, domin ana sabunta ruwan. Wanda ke banɗakin baƙi, ko a gidan da ɗan haya ya tashi aka kulle, cikin makonni kaɗan gwiwar za ta bushe, ƙofa ta buɗe.

Wannan ita ce matsalar da ba ta cin ko dala. Buta ɗaya ta ruwa a kowace kafa ta wadatar. Amma ita ce kuma take ruɗa mai duba gida ta fuska biyu. Wani zai shiga gida mai kyau da ya daɗe a kulle, wari ya buge shi, ya juya ya bar abin arziki. Wani kuma zai shiga gidan da bututunsa ya lalace da gaske, dillali ya ce masa ai don an daɗe ba a shiga ba ne, ya yarda. Hanyar rarrabewa ita ce a zuba ruwa a duk kafofin, a buɗe tagogi iska ta ratsa, a rufe, a dawo washegari. Idan warin ya tafi, ƙafewa ce. Idan yana nan, akwai sauran magana.

Wanda yake ganin busasshen sifon wasa ne, ya tuna da abin da ya faru a Hong Kong a 2003, lokacin annobar SARS. A wata unguwa ta dogayen benaye mai suna Amoy Gardens, fiye da mutum 300 suka kamu, 42 suka mutu. Binciken gwamnatin yankin da na Hukumar Lafiya ta Duniya ya gano cewa a gidaje da yawa gwiwar magudanar ƙasan banɗaki ta bushe, saboda mazauna goge ƙasa suke yi da tsumma, ba sa kwara ruwa. Fankar da ke zuƙe iskar banɗaki sai ta riƙa jawo tururin babban bututun ƙazanta zuwa cikin gida. Diffa ba ta da benaye irin waɗannan, kuma ramin gida ɗaya ba daidai yake da bututun da ya haɗa ɗaruruwan iyalai ba. Amma a gidajen haya da ɗakuna shida ko takwas ke zuba a rami guda, iskar da ke dawowa ba ta mutum ɗaya ba ce.

Yashi, mai, da aikin a-gama-a-tafi

Abokin gaba na biyu shi ne yashi. A yankin Manga yashi ba ya neman izini kafin ya shiga gida, kuma har yanzu akwai gidajen da ake goge bayan tukunya da shi ko da toka. A tsakar gida ba laifi. A sinki kuwa yashin nauyi gare shi, sai ya kwanta a gwiwar. Idan ya haɗu da man suyar kifi da ganyen shayi da guntun shinkafa, sai ya daskare kamar kwaɓaɓɓen siminti. Alamar farko ita ce ruwa ya riƙa tafiya a hankali. Gashi ko zaren soso da ya rataya a bakin gwiwar shi ma yana da nasa ɓarnar, yana tsotse ruwan a hankali kamar lagwanin fitila har ya ƙare.

Amma mafi yawan abin da mai dubawa zai tarar a ƙarƙashin sinki ba laifin yanayi ba ne, laifin hannu ne. Akwai inda babu sifon kwata-kwata, bututu ne miƙaƙƙe daga sinki zuwa cikin ƙasa. Akwai inda aka sa farar tiyo mai ƙunƙurori, wadda ake ja ta miƙe, aka ɗan lanƙwasa ta da hannu don ta yi kama da gwiwa. Ƙunƙurorin nan ɗakunan ajiyar dauɗa ne, kuma da an ture ta da bokiti lanƙwasar ta warware. Akwai inda bututun da ya fita daga sifon, maimakon ya gangara, sai ya ɗan hau sama, ko ya kwanta ɗaɗɗaya. Gangarar da ake so ita ce kamar santimita 2 a kowace mita. Ƙasa da haka ruwa zai kwana a hanya.

Siffar ma tana da muhimmanci. Sifon mai kama da S, wanda bututunsa ke juyawa ya nutse kai-tsaye cikin ƙasa, yana da halin zuƙe kansa: idan ruwa mai yawa ya wuce a lokaci guda, sai ya ja har da ɗan ruwan da ya kamata ya rage. Saboda haka ne ƙa'idojin gini da dama a Amurka suka hana sa shi a sabon gini, suka fi son mai kama da P, wanda ke fita ta bango, tare da bututun shaƙar iska da ke fita sama da rufi. Nau'i na uku, mai kama da kwalba, shi ne aka fi gani a ƙarƙashin sinkin wanke hannu a ƙasashe masu bin tsarin Faransa. Yana saurin tara yashi, amma yana da ladar da sauran ba su da ita: ana murɗe gindinsa da hannu a zubar a mayar, ba sai an kira kowa ba.

Sai kuma wata matsala ta garin kan iyaka. A Diffa, inda naira da sefa ke yawo tare a kasuwa, kayan famfo ma haka suke. Wasu an auna su da inci, wasu da milimita, 32 na wanke hannu, 40 na kicin. A ido kamar ɗaya ne, a haɗawa sai a tarar da ɗan bambanci. Maganin da aka saba yi shi ne a gasa bakin bututu a wuta a cusa, ko a naɗe da tsinken robar tayar babur, ko da leda. Duk inda mai duba gida ya ga baƙar roba a naɗe a gaɓar bututu, ya san an taɓa yoyo a wurin, kuma za a sake.

Lokacin da Komadugu ta cika

Akwai abin da baƙo ba ya sani game da wannan kwari. Komadugu Yobe ba ta cika lokacin da ake ruwan sama a Diffa. Ruwanta daga nesa yake zuwa, daga kogunan Haɗeja da Jama'are, waɗanda ke kwaso ruwan ƙasar Kano da tsaunukan Jos, ya bi fadamun Haɗeja da Nguru a hankali. Kafin ya iso, damina ta wuce. A watan Oktoban 2019 ambaliyar kogin ta raba kimanin mutum 23,000 da gidajensu a jihar, ta cinye gonakin shinkafa da na tattasai, sannan ta sake ɓarna a 2022.

Ga gidajen da ke gangare kusa da kogi, ko da ruwa bai shigo tsakar gida ba, yana tasowa ta ƙarƙashin ƙasa. Ramin da ke shanye ruwa lafiya lau a watan Maris, a Nuwamba sai ya ƙi sha. Daga nan iska ta rasa hanyar fita sai ta cikin sifon, a ji sinki na ɓulɓul shi kaɗai, daga baya baƙin ruwa ya dawo ta magudanar wurin wanka, domin ita ce mafi ƙasa a gidan. A irin wannan hali sauya sifon ɓarnar kuɗi ce, ciwon yana can a rami. Wanda ya duba irin wannan gida da rani bai ga komai ba tukuna. Sai ya nemi layin danshi ko farin gishiri a gindin bango, ya kuma tambayi maƙwabta yadda unguwar ke kasancewa idan kogi ya kawo.

Nan ne maganar ta tashi daga wari ta koma lafiya. A 2017 jihar Diffa ta yi fama da annobar ciwon hanta nau'in E, wadda ta fi yi wa mata masu juna biyu illa. Cutar ba ta bin iska, ta ruwan da bayan gida ya gurɓata take yaɗuwa, don haka sifon ba rigakafinta ba ne. Amma gidan da ruwan rami ke dawowa cikinsa, kusa da randa da jarkoki da wurin wanke kwanuka, ya buɗe wa irin waɗannan cututtuka hanya.

Bokiti, fitilar waya da takarda

Duban da ake buƙata bai kai rabin awa ba. Hanci ne ke fara aiki, tun daga bakin ƙofa, kafin a buɗe taga. Diffa gari ne na turaren wuta, kuma ba a raba gidan Barebari da ƙamshi. Amma gidan da ba kowa a ciki, aka tarar an turara shi da safe ana jiran mai dubawa, ya cancanci a sake zuwa ba tare da sanarwa ba.

Daga nan sai a haska fitilar waya cikin kafar sinki. A yawancin sinki za a hango ƙyallin ruwa a ƙasa. Sai a durƙusa a ga siffar bututun da inda ya nufa, a taɓa gaɓoɓin, a dubi katakon kabad ko ya kumbura, ko bangon wurin kaɗai ne ya sha sabon fenti.

Gwajin da ya fi faɗar gaskiya shi ne a toshe sinki, a cika shi, a saki ruwan gaba ɗaya. Murɗa famfo kaɗan ba ya nuna komai, domin ko toshesshen bututu yana iya shanye siririn ruwa. Idan famfo ba ruwa a ranar, jarka ɗaya ta isa, kuma wanda ke shirin biyan kuɗin watanni bai kamata ya ji ƙyashin sayen jarka ba. Kafin a saki ruwan a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, ɗigo ɗaya zai nuna. A kasa kunne: idan ruwan ya ƙare da dogon ƙara kamar ana zuƙar koko da tsinke, a sake haskawa a ga ko ɗan ruwan ya rage. A kora masai, a saurari sinki. Idan ya amsa, to bututun ba su da wurin shaƙar iska, kuma kowace kora tana satar ruwan sifon.

Sai a fita waje a nemi inda ruwan ya je. Wannan ne ke nuna girman matsalar. Idan bututun sinki a sarari yake zubarwa, kan wata 'yar kwata a tsakar gida, rashin sifon ba babban abu ba ne, ko da yake kyankyaso zai samu hanya. Idan kuwa kai-tsaye ya shiga rami ɗaya da masai, to babu sassauci. A duba ko ramin yana da bututun fitar da iska da ya haura rufi, da raga a bakinsa. Idan akwai ƙaramin murfin dubawa a hanya, mutum ɗaya ya zuba ruwa a ciki, ɗaya ya tsaya ya ga fitowarsa. Babban ramin kuwa ba a zura kai ciki, ba a kuma haska shi da ashana. Iskar nan mai warin ƙwai idan ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya ɗauka ta tafi.

Wani gargaɗin ya shafi gyara. Akwai masu zuba asid ɗin batir a bututun da ya toshe. Ba ya narkar da yashi, yana cin robar gaɓoɓi, kuma idan ya haɗu da ruwan jabel, wanda a Najeriya ake kira bilic, yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu.

Wa zai biya?

A Amurka duba gida kafin saye sana'a ce mai zaman kanta, ƙungiyar masu yin ta ta farko an kafa ta tun 1976. A Faransa, daga 2011, wanda zai sayar da gidan da ba a haɗa shi da layin ƙazanta na gari ba dole ya gabatar da takardar binciken raminsa. A Diffa mai dubawa shi ne mai biya, sai ko ɗan'uwan da ya raka shi. Dillali kuwa ladarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, ba idan ya wargaje ba.

Sifon kansa ba shi da tsada. Abin da ke da tsada shi ne fasa tayil don gyara gangara, ko haƙa sabon rami. Shi ya sa lokacin magana shi ne kafin kuɗi su bar hannu. Abin da aka gani a ɗauki hotonsa, a rubuta a takardar yarjejeniya a gaban shaidu, a faɗi wanda zai gyara da ranar da za a gama. Bayan an tare, mai gida na iya cewa ai lafiya lau ya bayar.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan Diffa mazauna Yamai, mai nisan fiye da kilomita 1,300, da na Libiya, Saudiyya ko Turai, masu gini da saye ta WhatsApp. Hotunan da ake tura musu na gaban gida ne, da tayil, da kan famfo mai ƙyalli. Abin da ya kamata su nema shi ne bidiyo mai sauti: a cika sinki, a saki, a juya kyamara ƙasa, sannan a bi bututun har bakin rami, tun kafin magini ya rufe shi da siminti.

Idan an gama gini aka kulle ana jiran mai shi ya zo hutu, sai a ɗora wa mai gadi ko wani ɗan'uwa aikin zuba buta ɗaya a kowane sinki da kowace magudanar ƙasa, a kuma kora masai, ko da duk Juma'a ne. Inda babu mai zuwa, a toshe kafofin da tsumma a cikin leda, a rufe bakin masai. Ranar dawowa kuma a fara da zuba ruwa da buɗe tagogi, kafin a kunna fanka ko a shigar da yara.